Gwiwar da aka ajiye ita ke tsatsa: motsa jiki a tudu da cikin ruwa ga masu amosanin gaɓoɓi



Ina da wata gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba a biki ko suna a danginmu ba a gan ta a bakin tukunya ba. Shekara 3 da suka wuce gwiwarta ta dama ta fara ciwo. Da farko sai in za ta tashi daga tabarma take cije leɓe. Sannu a hankali ta daina zuwa Islamiyya, ta daina shiga maƙwabta, ta koma yin salla a zaune. 'Ya'yanta kuwa, saboda ƙauna, suka ɗauke mata komai. Ko buta ta kai wa hannu sai ki ji an ce, "Hajiya bari, ki huta, mu za mu yi."

Ranar da na je gaishe ta, na roƙe ta ta miƙe ƙafafunta na duba. Cinyar dama ta rame, ta fi ta hagu ƙanƙanta, ido ma yana gani.

Na ce, "Gwaggo, yaushe rabonki da ki taka zuwa ƙofar gida?"

Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. An ce ruwan gwiwar ne ya ƙare. In na matsa mata, ƙashin zai ƙarasa cinyewa."

Wannan magana na sha jin ta a wurin aiki, daga bakin iyaye mata da yawa. Ita ce ta sa na zauna rubuta miki wannan, ko don kanki, ko don mahaifiyarki, ko don surukarki.

Me yake faruwa a cikin gaɓar?

Ciwon da muke magana a kai shi ne amosanin gaɓoɓi irin na lalacewar guringuntsi, wanda za ki ga likita ya rubuta OA a katinki. A ƙarshen kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi, da wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa da ke sa gaɓar ta motsa ba gogayya. Idan ciwon ya kama, guringuntsin yakan yi kaushi ya yi siriri, gefen ƙashin ya yi tsiro, gaɓar ta riƙa sagewa, wani lokaci ta kumbura.

Ya fi kama gwiwa, sai kwatangwalo, wato gaɓar da ta haɗa cinya da ƙugu, da kuma yatsun hannu. Na kwatangwalo yakan ruɗi mutane, domin sau da yawa a matsematsi ake jin sa, ko ya sauko ta gaban cinya har gwiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo a duniya. Kashi 60 cikin 100 mata ne, kashi 73 kuma sun haura shekara 55. Ƙiba, tsohon rauni a gaɓa, gado, da aikin da ke sa yawan tsuguno da ɗaukar kaya masu nauyi, duk suna ƙara haɗarin kamuwa da shi.

Ga abin da gwaggo ba ta sani ba. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Daga wancan ruwa mai yauƙi yake samun abincinsa, kuma kamar soso yake aiki: in kin taka ya matse, in kin ɗaga ya tsotsa. Gaɓar da ba ta motsi tana zaune da yunwa. Haka kuma tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu su ne ke tallafe gwiwa da kwatangwalo. In an kwanta hutu sai su rame, nauyin jiki ya koma kan gaɓar kai tsaye, ciwo ya ƙaru, a ƙara kwanciya, tsoka ta ƙara ramewa. Kin dai san yadda keken ɗinki yake yi in aka rufe shi shekara guda ba a taɓa ba.

Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 ta sa motsa jiki da rage ƙiba a sahun gaba wajen kula da wannan ciwo, kafin ƙwaya, kafin allura, kafin tiyata. Motsa jiki ba ya mayar da guringuntsin da ya lalace sabo. Abin da yake yi shi ne rage ciwo, da dawo da ƙarfin tashi, tafiya da hawa matakala.

Kafin ki fara, a tabbatar shi ne

Ba kowane ciwon gwiwa ne wannan ba. Alamominsa da aka fi sani: mutum ya kai shekara 45 ko fiye, ciwon yana tashi in an yi aiki da gaɓar, kuma sagewar safiya ba ta wuce minti 30. Amma ki je asibiti ba tare da jinkiri ba idan:

- gaɓar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi;
- an faɗi, kuma ƙafar ba ta takuwa;
- sagewar safiya tana kai awa guda ko fiye, musamman har da gaɓoɓin hannu biyu;
- ciwon yana hana barci kullum, ga rama ba dalili;
- mai ciwon kwatangwalon tana da sikila, domin nata yana iya zama rashin isar jini ga kan ƙashin cinya, kuma kulawarsa daban ce.

Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon suga, ta fara jin ta bakin likitanta. In da hali, ki ga likitan gashin ƙashi ko da sau ɗaya ne, ya duba ki ya zaɓar miki abin da ya dace da ke. Asibitocin koyarwa da na ƙashi, irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, suna da wannan sashe.

A tudu: guda shida da za ki yi a ɗakinki

Ba a buƙatar na'ura. Tabarma ko katifa mai tauri, tawul, da kujera mai ƙarfi wadda ba ta zamewa, sun isa. In tashi daga ƙasa yana yi miki wuya, ki yi na kwance a kan gado. Ki fara da zagaya tsakar gida na minti 5 don jiki ya ɗau ɗumi.

1. Matse cinya. Ki zauna ki miƙe ƙafa, ki naɗe tawul ki sa a ƙarƙashin gwiwa. Ki danna gwiwar a kan tawul ɗin har ki ji tsokar cinya ta yi tauri. Ki ƙirga 5, ki saki. Sau 10.

2. Ɗaga ƙafa a miƙe. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe. Ki ɗaga miƙaƙƙiyar kamar tsawon taƙi ɗaya daga shimfiɗa, ki ƙirga 5, ki sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa.

3. Ɗaga ƙugu. Kina rigingine, gwiwoyi biyu a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ki matse ɗuwawu ki ɗaga ƙugu sama, ki ƙirga 3, ki sauke. Wannan na masu ciwon kwatangwalo ne musamman.

4. Tashi-zauna. Ki zauna a bakin kujera, ki miƙe tsaye, ki koma ki zauna a hankali ba faɗawa ba. In ya yi wuya, ki ɗora matashi a kan kujerar ko ki dafa da hannu. In kin ƙware, ki rungume hannuwa a ƙirji. In an ce ki zaɓi ɗaya tak a cikin shidan nan, wannan za ki zaɓa, domin shi ne tashi daga gado, daga mota, daga bayan gida.

5. Buɗe ƙafa gefe. Ki tsaya ki dafa bango. Ki ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gefe, yatsu suna kallon gaba, ba tare da kin karkata jiki ba. Ki dawo da ita a hankali. Sau 10 kowane ɓangare.

6. Hawa dakali. Ki sami matakala ɗaya ko dakali gajere, kina dafe da bango. Ki hau, ki sauko. Ki lura kada gwiwa ta karkata ciki, ta riƙa bin saitin yatsun ƙafa.

Ki yi su sau 2 ko 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. In 10 ta yi yawa, ki fara da 5. In 10 ta zama wasa, ki maimaita zagaye na biyu, sannan na uku. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗan ƙara mata aiki.

Sai tafiya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato kamar minti 30 sau 5. Kada lissafin ya tsorata ki. Minti 10 da safe da minti 10 bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, mafari ne mai kyau. Ki sa takalmi mai taushin ƙasa wanda ya riƙe dunduniya, ki ajiye silifas ɗin wanka da mai tsini. In kina dogara sanda, ki riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ƙafa mai ciwo ba. A matakala kuwa, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwon ce ke fara sauka.

"To ai in na yi, ciwo yake yi"

Gaskiya ne, kuma a nan ne mata da yawa suke ajiyewa. A makonnin farko ciwon yana iya ɗan ƙaruwa. Wannan ba ya nufin ƙashi yana cinyewa.

A ƙasar Denmak akwai wani shiri mai suna GLA:D da aka fara a 2013, wanda ya bazu har Kanada da Ostireliya. Ana koya wa masu wannan ciwo motsa jiki sau 12, sau 2 a mako har mako 6, kuma suna da ma'auni mai sauƙi da ke ma za ki iya amfani da shi. Ki auna ciwonki daga 0 zuwa 10: 0 babu ciwo, 10 kuma mafi tsananin da kika sani. In kina motsa jiki ciwon bai wuce 5 ba, kuma washegari da safe ya koma yadda ya saba, ki ci gaba. In ya wuce 5, ko ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko gwiwar ta ƙara kumbura, to kin yi da yawa. Ki rage adadi zuwa rabi, amma kada ki daina.

Ƙarar "ƙas-ƙas" da gwiwa ke yi, in ba ta zo da ciwo mai tsanani ko maƙalewa ba, ba abin tsoro ba ce.

A cikin ruwa

Akwai wadda ƙibarta ta yi yawa, ko ciwon ya yi tsananin da ko tashi-zauna biyar ba za ta iya ba. Irin wannan ruwa yana yi mata rana.

Dalili shi ne ruwa yana ɗauke nauyi. In kin tsaya a ruwan da ya kai miki ƙugu, kusan rabin nauyinki ne kawai ke kan ƙafafunki. In ya kai ƙirji, kamar kashi ɗaya cikin uku ne. In ya kai wuya, kamar kashi ɗaya cikin goma. Mace mai kilo 90 a ruwan da ya kai ƙirji, abin da gwiwoyinta ke ɗauka bai fi kilo 30 ba. Duk da haka tsoka tana aiki, domin ruwa yana turjewa duk inda kika tura ƙafa, kuma iya saurinki iya turjiyarsa. In ruwan mai ɗumi ne, irin na asibiti da ake ajiyewa a wajen digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, yana sassauta sagewa.

A 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 13 da aka yi da mutum 1,190 masu ciwon gwiwa ko kwatangwalo. Ta samu cewa motsa jiki a ruwa yana rage ciwo, yana kuma sauƙaƙa hidimar yau da kullum. Ragin kaɗan ne, kuma an auna shi ne daf da kammala shirin. Wato yana taimakawa, amma ba wankan tsarki ba ne da za a yi sau ɗaya a warke.

Ba sai kin iya iyo ba. A ɓangaren da ba zurfi ake yi, kusa da gefe:

- tafiya gaba, tafiya da baya, tafiya a kaikaice, minti 3 kowanne;
- taka fareti a wuri ɗaya, kina ɗaga gwiwa;
- dafa gefe ki riƙa lilo da ƙafa gaba da baya, sannan gefe;
- ɗan rusunawa kamar za ki zauna a kujera, ki miƙe;
- ɗage a kan yatsun ƙafa, ki sauka.

Ki fara da minti 15 zuwa 20, sau 2 a mako, ki ƙara a hankali. A cikin ruwa ba a jin gajiya sai an fito, don haka kada daɗi ya kwashe ki ranar farko. In kin iya iyo, ki lura da shuri irin na kwaɗo, yakan dami gwiwa da kwatangwalon wasu.

Na san tambayar da ke bakinki: a ina? A manyan birane kamar Kano, Kaduna da Abuja akwai otal-otal da wuraren motsa jiki masu wurin ninkaya. Ki tambaya ko suna ware wa mata lokaci, ko ku haɗu ku biyar ko shida ku nemi a ware muku awa guda ku raba kuɗin. Ki sa dogon wando da riga mai dogon hannu waɗanda suka zauna a jiki. Zane da babban hijabi suna naɗe ƙafa a ruwa, haɗari ne.

Ga gargaɗi, kuma da babbar murya. Kada ki ce za ki yi a kududdufi, rafi ko dam. Irin waɗannan ruwaye a yankinmu suna ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata, ga rami da laka da ba a gani. Kada ki shiga ruwa ke kaɗai. Mai buɗaɗɗen ciwo ko gyambo a ƙafa, mai gudawa ko zazzaɓi, ta haƙura sai ta warke. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ba ta shiga sai da izinin likita. Ki kuma taka a hankali a bakin wurin, domin santsin tayil ya fi ruwan kansa kayar da mutane.

To wanne ya fi?

Inda aka kwatanta biyun, ba a ga wani babban bambanci ba wajen rage ciwo da inganta tafiya. Ruwa ya fi sauƙin farawa ga mai ciwo mai tsanani. Tudu ya fi ƙarfafa ƙashi, kyauta ne, kuma a tudu kike girki, a tudu kike salla, a nan kike buƙatar ƙarfin. Wadda ta fara a ruwa ma, so ake ta ƙare da haɗawa da na tudu. In babu wurin ninkaya a garinku, ba ki yi asarar komai ba. Abin da za ki iya samu na ɗumin ruwa a gida shi ne ki jiƙa tawul a ruwan ɗumi ki ɗora a gaɓar na minti 15 kafin ki fara, musamman da hunturu. Mai ciwon suga ta sa wani ya taɓa mata ruwan tukuna, don ƙafarta tana iya ƙonewa ba ta ji ba.

Abubuwa uku da ke tafiya tare da motsin

Na ɗaya, nauyi. Kowane kilo 1 da kika rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a duk taku. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyinki yana taimakawa, kashi 10 ya fi. Ki fara da lemon kwalba, sukarin shayi, soye-soye da girman malmalar tuwon dare.

Na biyu, magani. Ina roƙon ki da ki guji "haɗi" da ake ƙullowa a leda ba suna. Sau da yawa akwai magungunan kashe ciwo iri biyu ko uku a ciki, har da masu kumbura fuska da tayar da suga. Shan irin su diclofenac da ibuprofen kullum ba bisa ƙa'ida ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, yana kuma tayar da hawan jini. Ga gwiwa, na shafawa ake fara gwadawa kafin na sha. Tsaga kuma ba ta isa inda ciwon yake, sai dai ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Na uku, gyaran gida. Ki musanya kujerar tsuguno da mai tsayi a wurin girki da wanki. A shagunan kayan asibiti ana sayar da kujera mai rami da ake ɗorawa a kan masai. Kada ki zauna wuri ɗaya fiye da rabin awa ba ki miƙe kin taka ba. Game da salla, in naɗe gwiwa ya gagara addini ya yi sauƙi, ki tambayi malamarku yadda za ki tsaya a inda za ki iya, ki zauna a inda kika gaza.

Mu koma wurin gwaggo

Wanda ya fi ba ni wuya ba ita ba ce, 'ya'yanta ne. Sai da na zaunar da babbar na ce, "Yaya, in kuna son Hajiya, ku bar mata butarta ta ɗauka da kanta."

Mun fara da matse cinya a kan gado da tashi-zauna guda 4, tana dafe da hannun kujera. A mako na biyu ta kira ni a waya ta ce na ƙara mata ciwo, ta fasa. Muka rage, muka ci gaba. Wata jikarta 'yar firamare ce ke yi mata ƙirga kullum bayan la'asar, kuma ita ce ba ta yarda a tsallake rana. Ko sau ɗaya gwaggo ba ta shiga ruwa ba.

Bayan wata 3 ta koma Islamiyya da ƙafarta, da sanda a hannun hagu. Ciwon bai tafi duka ba. Da hunturu yana motsawa, kuma har yau a kujera take sujada. Amma a sunan da aka yi a gidanmu kwanan baya, na same ta a bakin tukunya tana faɗan an cika wa miya gishiri.

Akwai waɗanda nasu ya yi nisan da sai an yi tiyatar sauya gaɓa, kuma wannan ba gazawa ba ce. Su ma ana so su shiga tiyatar da tsoka mai ƙarfi. Ga mafi yawa dai, abin da ake nema shi ne mako 6 zuwa 12 na dagewa kafin a yanke hukunci, sannan a ɗore, domin in an daina amfanin yana zagwanyewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Yau in kin idar da la'asar, ki jawo kujera ki jingina ta da bango, ki gwada tashi-zauna ko guda 5 ne, ko ki riƙe hannun Inna ta gwada. Ki rubuto mana a ƙasa nawa aka samu, da abin da ya fi ba ku wuya. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.